Dalma da Lagireto: Tarihin Zafin Inji a Bakin Kasuwar Muda Lawal

Kayan gwari ba sa jiran kowa. Tumatirin da aka tsinka jiya da yamma a fadama, in bai iso Kasuwar Muda Lawal da hantsi ba, kafin la'asar ya fara tsiyaya ta gindin kwando, dillali kuma ya fara zabge kuɗi. Shi ya sa a cikin duk cututtukan mota babu wadda direbobin da ke ciyar da wannan kasuwa ta Bauchi suka tsana kamar zafin inji. In faci ne, a sauya taya a wuce. In mai ne ya ƙare, a tura yaron mota da galan. Amma ranar da allurar geji ta haye ja, tururi ya turnuƙo ta ƙarƙashin bonet, to ba gaggawar da za ta yi amfani. Dole a gangara gefen titi, a kashe inji, a zauna ana kallon rana tana dafa kayan mutane.

Daga wannan tsoro ne jarkar ruwa ta zama kayan aiki na dole. Shekaru da dama, ba a ɗaukar mutum cikakken direba a hanyar Jos ko ta Ningi ko ta Darazo in babu jarka a but ɗinsa, da tsumma mai kauri na buɗe marfin lagireto, da tsohon fambel na ko-ta-kwana. Daga wannan tsoro kuma aka samu sana'a guda mai zaman kanta a cikin kanikanci, wato ta masu gyaran lagireto, waɗanda ake samu a gefen kusan kowace tashar mota a Arewa.

Sunan kasuwar ma yana da alaƙa da gareji, ko da yake ba kowa ya sani ba. Mudashiru Babatunde Lawal, ɗan Abeokuta da aka haifa a 1954, bakanike ne kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Daga nan ya zama ɗan wasan tsakiya na Shooting Stars ta Ibadan, ya buga gasar Kofin Afirka sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1984, kuma shi ya jefa ƙwallo ta uku a ragar Aljeriya ranar 22 ga Maris 1980 a Legas, lokacin da Najeriya ta ɗauki kofin karo na farko. Ya rasu a 1991 yana da shekara 37. Shekarun da tauraronsa ke haskawa su ne daidai shekarun da ƙaramar mota ta cika titunan Bauchi.

Kafin lokacin, motar Bauchi babba ce: Bedford da Austin masu bodin katako, sai Land Rover ta ma'aikatan gwamnati da ta En'e. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1961 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, inda ya kai a 1964. Ƙaramar mota kuwa ta manyan ma'aikata ce da attajirai ƙalilan. Abubuwa uku ne suka juya wannan cikin shekara biyu kacal. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da ariyas, kuɗin man fetur ya shiga aljihun malamin makaranta da akawu. A shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a Kakuri, na Volkswagen ya fara nasa a Ojo da ke Legas. Sai ga Fabrairun 1976, Janar Murtala Muhammed ya raba Jihar Arewa maso Gabas, Bauchi ta wayi gari babban birnin jiha, da ma'aikatu, da kwamishinoni, da ɗaruruwan ma'aikata masu neman bashin mota. Gwamnatin Obasanjo da ta biyo baya ta mai da Peugeot 504 motar hukuma tun daga sama har ƙasa. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ya kafa masana'antar haɗa tarakta da manyan motoci a cikin Bauchi kanta.

Motoci biyun da suka mamaye wannan zamani, Peugeot 504 da Beetle ta Volkswagen, sun zo da hanyoyi biyu mabambanta na yaƙi da zafi, kuma kowace ta horar da irin nata kanikawa.

Tushen matsalar ɗaya ne. Man da inji ke ƙonawa, abin da ke zama tafiya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa. Ragowar yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma in ba a kwashe shi ba fiston zai kumbura ya cije. Masu ƙera motocin farko sun sha fama da wannan. Wilhelm Maybach na Jamus ne ya fito da lagireto mai ƙananan ramuka a motar Mercedes ta 1901, wanda ya rage yawan ruwan da mota ke ɗauka. Model T ta kamfanin Ford ta yi shekaru tana yawo ba famfon ruwa, ta dogara da cewa ruwan zafi na tashi sama, mai sanyi na sauka. Daga baya aka ƙara famfo, aka ƙara tamostat, aka ƙara marfi mai matse iska. A 1961 Renault 4 ta zo da tsarin da aka rufe ruf, da ƙaramin tankin da ruwa ke komawa in ya faɗaɗa.

Wannan marfi shi ne abin da aka fi rainawa a duk tsarin. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100. A Bauchi, da ke kan tudun da ya ɗan haura mita 600, yana tafasa a wajen 98. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, a wajen 96. Marfi mai lafiya, da sifirin ɗinsa da robarsa, yana riƙe matsin da ke ɗaga wannan iyaka, a wasu motocin har zuwa kusan digiri 120. In robar ta tsufa, ko aka toshe bakin da tsumma da leda kamar yadda ake gani a tasha, mota ta yi asarar wannan rata duka. Ga kuma hanyar Bauchi zuwa Jos, kilomita 130 ko kusa da haka, ta Nabordo da Tilden Fulani, hawa ce ta kusan mita 600. Wato daidai lokacin da injin ke aiki mafi tsanani, a ƙaramar giya, da lodi har saman rufi, lokacin ne ruwan ke ƙara saurin tafasa. A watannin Maris da Afrilu, da zafin rana ke dosar digiri 40, ba sai an yi tambaya ba kan dalilin jerin motoci masu buɗaɗɗen bonet a bakin hanya.

Peugeot 504, Fijo a bakin kowa, ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Tsarin sanyayarta na ɗaukar ruwa kusan lita 8. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kan injin kuwa, wanda kanikawa ke kira tof silinda, na alminiyam ne. Ƙarfen biyu ba sa faɗaɗa daidai da juna in sun yi zafi, saboda haka zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa tof, ya ƙona gasket ɗin da ke tsakani. Amma Faransawa sun yi wata dabara da ta sa motar ta dace da ƙasar da kayan gyara ke wuya: kwanson ƙarfen da fiston ke hawa da sauka a cikinsa zare shi ake yi, kuma ruwa na taɓa bayansa kai tsaye. In inji ya gaji, a sayo sabon kwanso da fiston da ringi a zura, ba sai an kai gangar inji wurin masu gogewa ba. A gindin bishiya ake wannan aiki. Sai dai dabarar tana da tarko. Bakaniken da ya cire tof sannan ya juya inji ba tare da ya danne kwansunan ba, zai ɗaga su daga mazauninsu, abin da ke toshe ƙasansu ya ɓaci, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. A nan ake gane wanda ya zauna a gaban ogansa ya koya da wanda ya gudu kafin a yaye shi.

Beetle ta Volkswagen kuwa, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, ba ta shan ruwa sam. Injinta na baya, iska ke sanyaya shi. Haka ƙanwarta Igala, wadda asalinta Brasilia ce ta ƙasar Birazil aka sauya mata suna a Legas. Masu ita kan yi wa masu Fijo dariya a bakin hanya, amma Beetle ma tana zafi, kuma nata ya fi muni domin ba ta yin tururin gargaɗi. Fambel guda ne ke juya janareta da fanka tare. In jar wutar caji ta kama ana cikin tafiya, mai hankali tsayawa yake nan take, domin in fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya, minti kaɗan ya rage wa injin. A tsofaffin samfura, na'urar sanyaya baƙin mai tana zaune ne a kan hanyar iskar da ke zuwa silinda ta uku, shi ya sa bawul ɗin wannan silinda ya fi saurin ƙonewa, har sai da kamfanin ya matsar da na'urar gefe a wajen 1971. Baƙin man da take ɗauka lita biyu da rabi ne kawai. Gwajin da masu ita suka gada shi ne a zaro sandar auna mai bayan doguwar tafiya: in yatsu ba su iya riƙe ta ba, injin ya wuce ƙima. Babban abin da ya kashe Beetle da yawa a ƙasar nan shi ne sakaci da gwangwanayen da ke kewaye da injin da robar da ke rufe gefensa. Yaro ya kwance su, ya ga mayarwa wahala, ya jefar. Daga ranar fanka za ta riƙa zuƙo iskar zafin da ta riga ta fitar.

Beetle ta ba mai lagireto hutu. Fijo da Datsun da Toyota da manyan motoci su suka ciyar da shi.

Lagireton wancan zamani na jan ƙarfe ne da tagulla, an haɗa shi da dalma. Abin da aka haɗa da dalma kuwa wuta na raba shi, wuta na mayar da shi. Kayan aikin mai gyara ba su da yawa: fitilar walda ta kabayit ko risho mai famfo, da ƙarfen narka dalma, da ruwan asid na wanke wurin da za a liƙe, da buroshin waya, da rabin duro cike da ruwa, da siririn ƙarfe mai faɗi, sau da yawa tsohuwar sandar auna baƙin mai. In yoyo ake nema, sai ya toshe bakunan, ya hura iska, ya nutsar da lagireton a duro ya bi kumfa. In toshewa ce, ya narke dalmar tankin sama, ya ɗaga shi, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfen nan yana zuba ruwa, jar laka tana fita ta ƙasa. Bututun da ya ruɓe ya wuce gyara, ya matse bakinsa biyu ya liƙe, ya kashe shi. Mai gaskiya zai gaya wa direba nawa ya kashe, domin kowane bututu da aka kashe ragi ne a ƙarfin sanyaya. Marar gaskiya zai fesa baƙin fenti ya karɓi kuɗinsa.

Dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Bauchi. Abin da ake liƙi da shi haɗin kuza ne da dalma, kuma tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwan Dalma suna narka kuza suna zuba ta sirara-sirara, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa, maƙeran fari na aiki da ita. Labarin wannan kuza ne ya jawo Kamfanin Neja zuwa Tilde da Naraguta a farkon ƙarni na 20, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogon da aka sa wa sunan Bauchi, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka rufe a 1957. Wanda ya taɓa ganin maƙerin fari yana bin bakin tasa da wuta, in ya ga mai lagireto yana bin bakin tanki, zai ga hannun ɗaya ne.

Amma liƙi shi ne ƙaramin ɓangaren sana'ar. Babban ɓangaren shi ne gane cuta, kuma a nan ne tsofaffin kanikawa suka cancanci a yaba musu fiye da yadda ake yi. Ba su da kwamfuta, sai tambaya da tafin hannu. Direba zai shigo yana cewa, "Oga, obahitin take yi." Ogan ba zai taɓa sufana ba tukuna. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaushe take yi?"

Amsar ce rabin aikin. In motar lafiya lau take a kan babban titi, amma da an shigo cunkoson bakin kasuwa ko shataletalen Wunti allura ta tashi, to iska ce ba ta isa ba: ko fambel ya saki, ko fanka ba ta kamawa, ko ƙura da ƙaiƙayi da fukafukan ƙwari sun toshe fuskar lagireto. Bayan hunturu wannan ya fi yawa. In kuwa akasin haka ne, a cikin gari shiru, a kan gudu ko a hawa sai zafi, to ruwa ne ba ya wucewa yadda ya kamata: bututu sun toshe, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa in famfo ya ja da ƙarfi, ko fukafukan famfon sun cinye da tsatsa. In daga tayar da inji cikin minti kaɗan allura ta haye, alhali tiyon sama na nan da sanyi, tamostat ya maƙale a rufe. Sai ogan ya kashe inji ya shafa fuskar lagireton daga sama zuwa ƙasa, daga gefe zuwa gefe. Zafi ya kamata ya riƙa raguwa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Inda hannu ya ci karo da wuri mai sanyi a tsakiya, nan ruwa ba ya bi.

Sai kuma alamun da ba wanda ke son gani. A buɗe marfi inji na sanyi, a tayar, a ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Tiyo ya yi tauri tun injin bai ɗumi ba. Farin hayaƙi na bin salansa ko da rana ta take. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Fulogi ɗaya ya fito fes alhali 'yan'uwansa sun yi baƙi, domin tururi ya wanke shi. Duk waɗannan sunan gasket suke kira. Bakaniken kirki ba ya tsayawa a sauya gasket, sai ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan tof ya ga ko ya lanƙwashe, sannan ya koma neman abin da ya jawo zafin tun farko. Gasket yawanci ba shi ne mai laifi ba, shi ne wanda aka kashe.

Akwai kuma zafin da ba ruwansa da ruwa. A motocin kafireto da distiribita, in aka saita wuta ta makara, man yana gama ƙonewa ne a makare, zafin ya tare a kan injin da salansa. In kafireto na ba da mai kaɗan iska da yawa, haka nan. Birkin da ke riƙewa ma yana sa inji wahala. An sha wanke lagireto sau biyu sau uku a banza, alhali juya distiribita kaɗan ne maganin.

Wannan ilimi ya bunƙasa ne lokacin wadata. Abin da ya biyo baya ya haifi wasu ɗabi'u dabam. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986, a 1987 ta kai wajen naira 4, ta kuma ci gaba da hawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antar Volkswagen ta durƙushe, kayan gyara na asali suka yi tsada, jabu ya cika shaguna. Fijon da ta gama aikin ofis ta koma tasha, wagon ɗinta na ɗaukar mutum tara da kayansu, a-kori-kurarta na ɗaukar buhunan albasa fiye da abin da Faransawa suka taɓa mafarki. A wannan yanayi ne dabarun bakin hanya suka zama doka: a zuba garin kwaki ko ɗanyen ƙwai ko garin taba a lagireto don toshe yoyo, a wanke ciki da Omo, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa darek, a cire tamostat a jefar.

Ba adalci ba ne a kira wannan jahilci kawai. Direban da tamostat na jabu ya maƙale masa tsakanin Darazo da Potiskum, ya rasa inji, in ya ce ba zai ƙara sa wani ba, yana da hujja. Garin kwaki kuma yakan kai mota gida, ko da yake washegari yana cikin abin da mai lagireto zai zaƙulo daga bututu. Har maganar da direbobi ke yi cewa koren ruwan nan na gwangwani na ƙasashen ƙanƙara ne, tana da ƙamshin gaskiya: ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi, kuma ruwa ba ya daskarewa a Bauchi. Abin da aka manta shi ne sinadarin hana tsatsa da ke cikinsa. Ruwan rijiya da na rafi da ake ɗura wa mota kullum yana barin farin dutse da tsatsa a bututu, yana cin alminiyam ɗin tof, yana cin famfo. Jar lakar da ke fita daga lagireto jikin injin ne da kansa. Ana iya cewa jarkar direba ce ta fi kowa kawo wa mai lagireto ciniki.

Cire tamostat kuwa kuɗinsa a ɓoye ake biya. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, yana shan mai fiye da ƙima, yana saurin cin ringi, musamman a sanyin asubahin hunturu ko a kan tudun Jos. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In aka cire shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa zagayawa ta nan, motar da aka so a sanyaya ta ƙara zafi a kan gudu. Fijo ta jure duk wannan saboda an gina ta da rata mai yawa. Juriyarta ce ta sa aka ɗauka dabarar daidai ce.

Sai zamanin motocin Beljiyam ya zo, ta tashar Kwatano da kan iyaka: Golf, Vectra, Sunny, Starlet, daga baya Sharan da Corolla da Civic. Waɗannan an ƙera su da wani tunani dabam. Injin a gicciye yake, fanka ta lantarki ce mai jiran umarnin na'urar auna zafi, lagireto siriri ne na alminiyam da tankunan roba da aka matse da haƙoran ƙarfe, a gabansa kuma ga na'urar AC tana tare iska. Da yawansu kwamfuta ke auna musu mai. Abu na farko da ake yi wa irin wannan mota in ta iso gareji shi ne abin da aka saba yi wa Fijo: a cire tamostat, a haɗa fanka darek, a zubar da koren ruwa a ɗura na famfo. Kwamfuta ta ga injin bai ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara mai kamar yadda take yi da sanyin safiya. Fankar da aka ƙera don ta riƙa hutawa ta yi ta juyawa har ta ƙone, kuma ranar da ta ƙone a cunkoso babu abin da zai ceci gasket. Shawarar da ta fi yawo a yanzu ita ce a sauya lagireto da mai layi biyu. Wani lokaci tana taimako ga motar haya mai lodi, amma sau da yawa rufe cuta ce da ba a gano ba.

Ga mai lagireto, robar nan ce ta rage masa kasuwa. Dalmar da ya saba da ita ba ta kama alminiyam, tankin roba in ya tsage wuta ba ta gyara shi. Wasu sun koyi buɗe haƙoran su sauya tanki da robar bakinsa, wasu suna cike tsaga da gam mai haɗi biyu, wasu sun koyi waldar alminiyam. Amma sau da yawa sayen wani na hannu ko sabo ɗan Chana ya fi sauƙi. Tsofaffin lagireton jan ƙarfe kuwa 'yan gwangwan na saye a kilo, shi ya sa samun na asali na Fijo 504 ko 404 ke ƙara wuya. Aikin dalma da ya rage yana wurin manyan motoci da tarakta da janaretocin dizal. Jigilar kusa kuma, daga kasuwa zuwa unguwanni, ta koma hannun babura da Keke Napep, waɗanda akasarinsu iska ke sanyaya su kamar Beetle, wadda aka daina ƙerawa a Meziko a Yulin 2003 bayan an yi fiye da miliyan 21.

Sabon babin yana zuwa ne ta inda ba a zata ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ke tura masu motocin haya su koma iskar gas ta CNG. Gas ɗin yana fitowa daga tukunya da matsi mai tsanani, kuma in aka sassauta matsin yana yin sanyi ƙwarai, har na'urar da ke rage matsin ta iya daskarewa. Don haka masu haɗawa ke ratsa ta da ruwan zafin inji, ta tiyon hita, kuma a tsarin zamani mota ba ta komawa gas sai ruwan ya kai wani mizani na ɗumi. Motar da aka cire wa tamostat, aka toshe mata tiyon hita tun shekarun baya da cewa ba a bukatarsu a ƙasar zafi, za ta daɗe tana shan fetur kafin ta karɓi gas, ko ta riƙa shaƙewa da sanyin safiya. Mai irin wannan mota, kafin a ɗora masa tukunya, sai ya fara komawa shagon kayan gyara neman tamostat mai kyau da tiyo biyu.